Tuwon Fagge Da Ɗan Wana

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka, domin in ba 'yan'uwana malamai da akawuna labarin wata tafiya da na yi daga garinmu Gidan Goga, a ƙasar Maradun, zuwa Kano a cikin watan Janairu na 2024. Tafiyar ta kwana huɗu ce kurum, amma har yanzu ban gama juya ta a zuciyata ba. Shi ya sa na ga ya kamata in shimfiɗa ta gaban masu karatu, ko a sami wanda zai ga abin da ni ban gani ba.

Ga dalilin tafiyar. Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, manomi ne kuma mutum mai kamun kai ƙwarai. Yana da ɗa saurayi mai shekara 20 wanda ya bar gida a ƙarshen 2021. Kowa ya san halin da ƙasarmu ta shiga. Ɓarayin daji sun kore shanun noma, gonakin nesa sun gagari zuwa, sa'an nan a watan Satumba na shekarar nan gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse wayar salula. Yaron da ma ɗan ƙaramin ciniki ya ke yi daga wannan kasuwa zuwa waccan. Da kasuwa ta mutu ya rasa abin yi, sai ya roƙi izini ya tafi Kano neman kuɗi. Muka shekara biyu muna jin dai yana lafiya. Ran nan sai wani mai fataucin yadi ya komo daga Kantin Kwari, ya faɗa a bainar jama'a cewa ya gan shi da idonsa yana wanke kwanoni a gidan abincin wata mace a Fagge, kusa da tsohon gidan silima.

Kalmomin nan uku, watau wanke-wanke, da mace, da silima, su suka kwantar da wana. Ya yi kwana biyu bai fita ƙofar gida ba don kunya. A daren na uku ya aiko aka kira ni, ya ce, "Malam, kai ka yi boko, ka san hanyar birni. Tafi ka zo mini da shi. Gara ya zauna nan mu sha kunu tare da a ce ɗana yana wanke kwanon 'yan silima." Na ce to, gama ƙane ba ya musu da wa a irin wannan.

Wanda ya tashi a birni zai yi mamakin wannan, saboda haka bari in yi ɗan bayani. A wurinmu magidanci ba ya cin abinci a kasuwa. In ya yi tafiya, mai masauki ne ke ciyad da shi, in kuwa babu, sai ya dama furar da ya ƙullo daga gida, ko ya gutsuri hoce a gindin itace inda ba idon jama'a. Wanda aka gani zaune a bencin mai tuwo-tuwo, sai a ce ko gwauro ne, ko kuwa gidansa ba lafiya. Malamai kuma sun san masana fiƙihu sun lissafta cin abinci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage mutuncin mai ba da shaida, in ba ɗan kasuwar ba ne. Da wannan tarbiyya aka yi mu. Ni kaina na kai shekara 58 ban taɓa zama a gidan abinci na ci don kuɗina ba.

Na fita da sassafe a kan babur zuwa Maradun, daga nan na sami mota zuwa Talata Mafara. Gefen hanya ga fadamun da ruwan dam na Bakolori ke shayarwa, wanda aka gama ginawa a kan gulbin Sakkwato a 1978, manoman rani suna ta gyaran fili don shinkafa. Daga Mafara muka yi Gusau, muka wuce Tsafe da 'Yankara, kowa a cikin mota ya yi tsit yana addu'a har muka sauka Funtuwa. Can muka yi salla, sa'an nan muka bi ta Malumfashi da Dayi da Gwarzo, muka shiga Kano ta Kabuga bayan la'asar sakaliya. Na nemi ɗan acaɓa, aka yi mini dariya, aka ce ai tun 2013 aka hana su ɗaukar fasinja a birnin. Sai na shiga keken nan mai ƙafa uku da su ke kira A Daidaita Sahu, na ce a kai ni Fagge.

Fagge unguwa ce a bayan ganuwa, tsakanin tsohon birni da Sabon Gari. Tun zamanin ayari nan ne zangon baƙi, Buzaye da fatake su sauke raƙumansu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma yanka Sabon Gari a 1913 don mutanen kudu masu aikin jirgi da kantuna, sai Fagge ta zama mahaɗa, na birni ya fito ya tarad da na waje. Nan Kwarori, watau mutanen Lebanon da Sham, suka kafa kantunansu na yadi, shi ne asalin sunan Kantin Kwari. Su ne kuma suka fi riƙe sana'ar silima.

Mu a ƙauye majigi muka sani. Ina yaro na ga motar gwamnati ta zo an kafa farin ƙyalle a fili, an nuna yadda a ke noman auduga da yadda a ke tsare kai daga cuta, ba a biyan ko anini, hakimi da dattawa suna gaba. Silima ta kuɗi kuwa dabam ce. Ta fari a Kano ita ce Rex, wadda aka buɗe a 1937. Daga baya aka sami El Duniya, wadda gobara ta cinye a 1951, mutum fiye da 300 suka hallaka a ciki, Allah ya jiƙansu. A farkon shekarun 1950 ɗin nan, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka gina Palace a Jakara, cikin birni sosai, malamai da yawa suka ƙi, har aka yi jifa. Sannu a hankali gidajen suka yawaita: ga Plaza da Wapa a Fagge, ga Orion a Ƙofar Wambai, ga Queens da Eldorado, ga Marhaba. Fina-finan Indiya su suka fi cika su. Tun daga lokacin nan sunan silima ya haɗu da zaman banza a kunnen dattawa, kalmar nan ɗan silima ta zama zagi. A ƙarshen shekarar 2000, bayan an ƙaddamad da shari'a a Kano, gwamnati ta dakatad da nuna fina-finai, a 2001 ta kafa hukumar tace su. Amma abin da ya fi kashe tsofaffin gidajen shi ne bidiyo da ya shiga ɗakuna, daga baya kuma waya ta shiga aljihu. Mafi yawansu yau sun daina aiki. Watau abin da wana ke jin tsoro ya riga ya zama kango, sunan kaɗai ya rage a bakin masu kwatance.

Da kwatancen mai yadi na gane wurin, ana gab da magariba. Rumfar kwano ce doguwa da aka jingina da bangon wani shago, an rataya labule a ƙofa. Na yi salla a masallacin bakin titi, na komo na tsaya daga tsallake ina leƙe. Na yi niyyar in aika a kira mini yaron kurum, in kama hannunsa mu tafi. To amma tun furar asuba ban sa kome a cikina ba, ga hunturu, ga ƙamshin miyar taushe yana tsallako titi. Kuma na ce a raina, alƙali ba ya hukunci sai ya ji ya gani. Na gyara hulata, na ja rawani na rufe haɓa, na duba dama da hagu kamar ɓarawo ko akwai mutumin Maradun, na ɗaga labule na yi sallama.

A ciki akwai tebur huɗu dogaye da bencina, da fitilar lantarki mai aiki da hasken rana, da talabijin a manne a bango. Daga ƙurya ga mai gidan abincin, dattijuwa ce mai jiki wadda kowa ke ce wa Hajiya, tana zaune a kan kujera, manyan kuloli jere a gabanta, 'yan mata biyu suna zubawa, yara maza suna kaiwa. Na sami gefen benci na zauna, na naɗe hannu ina jiran a zo a yi mini maraba a kawo ruwa, yadda a ke yi wa baƙo. Na fi minti goma ba wanda ya kula ni. Waɗanda suka shigo bayana har sun fara ci. Can wani tsoho da ke kusa da ni ya ce, "Malam, nan ba a jiran a tambaye ka. Ɗaga murya za ka yi ka faɗi abin da ka ke so."

Na ɗaga murya na ce, "Mi ku ka dahwa?" Sai rumfar ta fashe da dariya. Hajiya ta ce, "Maraba da mutanen Zamfara! Malam, sannu da hanya." Ta shiga lissafa mini kamar mai karanta wasiƙa: akwai tuwon shinkafa da na masara, miya kuwa akwai taushe, da kuka, da kuɓewa ɗanya, da agushi. Akwai shinkafa da miya, akwai shinkafa da wake da mai da yaji wadda su ke kira garau-garau, akwai sakwara, akwai teba, akwai farfesun kayan ciki. Ɗanwake da waina sun ƙare tun hantsi. Na ce a ba ni tuwon shinkafa miyar taushe. Yarinya ta ce, "Malmala nawa, nama nawa?" Na ce a sa dai yadda ya kamata. Ashe kowace tsoka da kuɗinta, ƙidaya a ke yi. Tsohon nan ya cece ni, ya ce a sa mini malmala biyu da tsoka uku.

Aka kawo buta da ɗan baho da sabulu, yaro ya zuba mini na wanke hannu. Da aka ajiye kwano gabana sai na juya ga na dama da na hagu na ce, "Bismilla," na tura kwanon tsakiya. Suka ce, "Alhamdu lillahi, a ci lafiya," kowa ya ci gaba da nasa. Wannan ya yi mini nauyi. Mutum goma sha a benci ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, amma kowa da kwanonsa, kowa da lissafinsa. A gida tun da na yi wayo ban taɓa sa hannu a akushi ni kaɗai ba sai in ina ciwo.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, tuwon ya tuƙu. Ba gudaji, ba ɗanye, yana da laushi yadda ba ya kama hannu. Miyar ta ji kabewa da gyaɗa da alayyafo da ɗan yakuwa, daddawa ta fito amma ba ta yi yawa ba. Naman ya dahu har haƙorin tsoho ya iya. Ina ci ina tuna fadamun Bakolori da na wuce da safe. Irin shinkafar nan mu ke nomawa mu sayar da ita samfarera a buhu, irin dabbobin nan a ke lodawa daga kasuwanninmu. Mu ke da wahalar rani da damina, wanda ya dafa ya sa a faranti shi ke da ribar da ta fi tsoka.

Da cikina ya ɗan natsu sai na fara duban abokan cina. Ga waɗansu 'yan canji daga Wapa da manyan riguna, suna ci suna amsa waya. Ga 'yan dako biyu daga Kwari, ƙura har gira, sun sayi garau-garau ba nama. Ga wani Inyamuri mai sayar da kayan mota yana cin tuwo da miyar kuka, Hausa a bakinsa kamar an haife shi a Jakara. Ga wani mai Larabci a baka, da alama malamin Islamiyya ne, ya jingine jakar littattafansa a ƙafar tebur. Ba wanda ya dubi wani, ba wanda ya ji kunyar wani. Na tambayi tsohon nan ko duk gwauraye ne. Ya yi dariya ya ce kusan dukansu da iyali, amma wani gidansa na Rijiyar Lemo, wani na Hotoro, wani na Sheka. Wanda ya fito tun safe, ya koma gida cin abincin rana ya komo, kuɗin mota ya fi na tuwon, ga shago a rufe. Nan na gane cewa al'adarmu ta ƙauye an gina ta ne a kan gona da kasuwa da ke kusa da murhun gida.

Tsohon nan ya ce shi a ƙuruciyarsa tikiti ya ke sayarwa a ɗaya daga gidajen silima na unguwar. Ya ce a lokacin, da an yi sallar isha titin ya cika maƙil, masu tsire da balangu da gurasa da shayi da rake da dafaffen ƙwai duk sun kunna aci-bal-bal, kowa na jiran a taso. Uwar Hajiyan nan, in ji shi, da tuwon 'yan kallo ta fara, tana kawowa a ƙwarya. Na ce to yanzu da silima ta mutu fa? Ya nuna talabijin ɗin bango, inda a ke nuna wani wasan Hausa, ya nuna samarin da kowa ya sunkuya a kan wayarsa, ya ce, "Ga ta nan, ta bar gidanta ta biyo mu wurin tuwo." Ya ce masu son babban allo kuwa sai su tafi sabbin gidajen kallo na cikin manyan kantuna, inda kuɗin shiga ya fi na tuwon kwana biyu.

Na gama, aka ce kuɗina naira 1,200. Na ga waɗansu ba su taɓa takardar kuɗi ba, da waya su ke turawa, yarinya ta duba ta ce ya shigo. Ni dai na kwance bakin aljihu na ƙirga. Sa'an nan na matsa kusa da Hajiya na gaya mata ko ni wane ne da abin da ya kawo ni. Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "Malam, bi ta nan ka gan shi tukuna."

Bayan rumfar akwai ɗan fili. Ga tukwane uku manya a kan murhun gawayi, ga wata mata tana tuƙi da muciya mai tsawon yaro. Daga gefe ga ɗan wana a tsugune gaban bahuna uku, na fari da ruwan kumfa, biyu na ɗauraya, kwanoni sun yi tsibi. Ya ɗago ya gan ni, kwano ya suɓuce masa. Ya taso da sauri ya durƙusa, ya ce, "Baffa, sannu da zuwa. Lafiya dai? Ina Baba, ina Inna?" Na ce duk lafiya. Na kama hannunsa in tashe shi, sai na ji tafin kamar bayan itace, duk ya tsattsage don ruwan sanyi da sabulu. Na yi nufin in yi masa faɗa, faɗan ya ƙi fitowa.

Muka zauna a kan wani turmi da aka kifar. Na gaya masa saƙon ubansa ba ragi. Ya sunkuyad da kai, ya ce, "Baffa, in ka ce in tashi mu tafi yanzu, zan tashi. Amma ina roƙo ka ji ni." Ya ce da ya zo Kano ya yi wata uku yana dako, wata rana ya samu wata rana ya kwana da yunwa. A wurin nan kuwa ana ba shi naira 1,000 kullum, da ci sau uku. Yana zuba rabi a adashi. Da asuba shi ke raka mai cefane kasuwar 'Yankaba, har ya san farashin kayan miya da yadda a ke zaɓensu, ya kuma iya dafa shinkafa da wake da miya. Burinsa in ya kwashi adashi sau biyu ya sayi tukunya da teburi ya kafa nasa. Sa'an nan ya ce, "Baffa, buhun gero biyu da aka ci a gida da bazarar bara, da maganin Inna, daga bahon nan suka fito. Na roƙi Inna kada ta faɗa wa Baba, ta ce masa ɗan'uwanta ne ya aiko."

Jama'a, na ci tuwon geron nan a gidan wana ba sau ɗaya ba, na kuma sa wa surukinmu albarka a kansa.

Kada mai karatu ya zaci na ga alheri zalla. Na bi yaron na ga makwancinsa, wani shago ne da su bakwai ke haya, ba taga, tabarma a kan siminti. A bakin lungun na ga samari da idanu jajaye, waɗanda ba sai an gaya maka abin da su ke sha ba. Karatun da ya fara a gida, na allo da na boko, duk ya tsaya. Aikin kuma daga asuba ne har ƙarfe goma na dare, ba ranar hutu sai Juma'a da rana. Ruwan wanke-wanke a kwata a ke zubarwa a bakin titi, ƙudaje kuwa da rana sai wanda ya gani. Tsoron wana yana da tushe, sai dai ya sa shi a inda ba nan ya ke ba. Yana tsoron silimar da ta rufe da kwanon da ke ciyad da shi, alhali abin tsoro shi ne lungu da rashin karatu da rashin babba a kusa.

Na kwana a wurin wani tsohon abokin karatuna a Gwammaja, ban runtsa ba. In na komo da yaron na cika umarnin wana, amma na kai shi inda ba gona ba kasuwa, inda samari marasa abin yi su ne ɓarayin daji suka fi farauta, ko su kashe ko su ja su cikinsu. In na bar shi, na saɓa wa wanda ya aike ni. Da gari ya waye na koma wurin Hajiya tare da abokin nan nawa. Na roƙe ta abu uku: ta riƙa sakin yaron bayan magariba kwana huɗu a mako ya tafi makarantar dare, ta matsar da shi daga baho zuwa murhu don ya koyi sana'ar sosai, kuma ya bar shagon nan ya koma zauren abokina da kwana. Ta ce, "Malam, na biyun da ma ina da niyya, gama yaron ba ya ɗaukar abin da ba nasa ba. Na farin zai rage mini hannu, amma na yarda. Ni ma uwa ce." Abokina ya ce shi zai zama ido a kansa. Na sayi man kaɗanya na ba yaron don hannunsa. Shi kuma ya ruga ya sayo gurasa guda goma, irin ta tanderu wadda Kanawa suka gāda daga Larabawa, ya ce in kai wa Baba.

Na iso gida ran huɗu da la'asar, ni kaɗai. Wana yana zaune a zaure, ya dubi bayana, bai ga kowa ba. Na zauna na ba shi labari tun daga labule har baho, ban ɓoye masa ko cewa ni ma na ci tuwon ba. Da na zo kan maganar gero sai ya ɗauke kai ya dubi bango, ya daɗe. Daga nan ya ce, "Na aike ka ka kawo mini ɗa, ka kawo mini gurasa." Ya tashi ya shiga cikin gida. Ya yi wata guda ba ya yi mini magana sai gaisuwa. Amma matarsa ta gaya wa tawa cewa a daren nan ya ci gurasar da shayi, ya kuma tambaya ko yaron ya rame. Har yau bai ce ya yarda ba, bai kuma sake aiken kowa ba.

To, Edita, ga abin da na ke so masu karatu su taya ni dubawa. Na fari, ga malamai: hukuncin nan na cin abinci a kasuwa, da ya ke an rataya shi ga al'adar wuri da zamani, yana nan a kan ma'aikacin birni wanda gidansa ke da nisan mil goma daga wurin aikinsa? Na biyu, ga iyaye irin wana, waɗanda 'ya'yansu suka watsu a Kano da Kaduna da Abuja da Ikko saboda rashin zaman lafiya: kafin mu yanke hukunci da maganar matafiyi, mu tashi mu je mu gani, mu kuma nema wa yaro babba a inda ya ke. Na uku, ga masu gidajen abinci da hukumomin tsabta: a riƙa zuba wa mutum ruwa daga buta maimakon kowa ya tsoma hannu a baho ɗaya, a rufe abinci, a gyara kwata, a kuma tausaya wa yaran da ke aiki a ba su lokacin karatu. Na huɗu, ga samarinmu na Mafara da Bakura da Maradun: shinkafa tamu ce, nama namu ne, ban ga dalilin da zai sa dafawa da sayarwa su zama abin kunya gare mu ba.

Ni dai ban sani ba ko na yi daidai da na saɓa wa wana. Wanda ya ga kuskurena ya rubuto ta jaridan nan, zan karɓa da hannu biyu. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya mai da kowane ɗa gaban iyayensa cikin mutunci, amin.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta,
Gidan Goga, ta Maradun.